Daga Zango Zuwa Tasha, Daga Tasha Zuwa Bakin Titi: Tashi da Faɗuwar Tsakiyar Gari a Kudancin Kaduna

Kowane gari yana da cibiya. Ita ce inda hanyoyi suke haɗuwa, inda kasuwa take ci, inda baƙo yake fara sauka, inda kuma ɗan gari yake nufi idan ya ce zai shiga gari alhali a cikin garin ya kwana. A Kafanchan, tsawon shekaru kusan sittin, wannan cibiya tana tsakanin tashar jirgin ƙasa da babbar kasuwa da layukan kantunan da suka haɗa su. Dattawan Kafanchan da Zonkwa da Kagoro da Kauru suna ambaton waɗannan kantuna da kewa, kuma kewar tana da tushe. Tarihin yankin ya nuna cewa cibiyar ciniki ta yi ƙaura sau biyu a cikin shekara ɗari: ta tashi daga zango ta koma tasha, sannan ta bar tasha ta watsu a bakin titi. A kowace ƙaura abu biyu ne suke yanke hukunci, wato hanyar da mutane suke bi da kuma amanar da ke tsakaninsu.

Zamanin zango

Kafin zuwan Turawa, fatake ne suke ɗauke da cinikin nesa. Ayarinsu na jakuna da 'yan alaro yakan taso daga Kano da Zariya da kanwa da tufafi da kayan fata, ya gangara kudu wajen kwarin Binuwai, inda ake samun gishiri irin na Keana. Tafiyar ƙafa tana da iyaka a yini, don haka aka sami wuraren yada zango a kan hanya, kuma a jikin kowane zango sai kasuwa ta tsira. Sunan Zangon Kataf kansa shaida ne: masauki ne na fatake a ƙasar Atyap. Garuruwa irin su Kauru da Kajuru da Lere da Kagarko da Jama'a suna cikin ƙasashen da ke biyayya ga Zazzau a ƙarni na 19, kuma a kasuwanninsu ne manoman duwatsu da Fulani makiyaya da Hausawa masu sana'a suke musayar hatsi da zuma da nono da ƙarfe da saƙi.

Wannan zamani yana da nasa baƙin tabo, domin harin bayi da karɓar gandu sun bar miki a zukatan al'ummomi da yawa na yankin, kuma ana jin raɗaɗinsa har a rigingimun da suka zo daga baya. Duk da haka, a nan aka kafa al'adar da ta ɗore har yau: kasuwar da ke ci rana ɗaya a mako, da dillali, da fatoma mai saukar baƙi, da harshen Hausa a matsayin harshen ciniki tsakanin mutanen da ba sa jin yaren juna.

Zuwan dogo

Layin dogo ya sauya taswirar gaba ɗaya. Ƙaramin layin da ake kira Bauchi Light Railway ya tashi daga Zariya ya bi ta Dutsen Wai da Rahama ya isa Jos da Bukuru a 1914, domin kwaso kuza. Babban layin gabas kuma ya taso daga Fatakwal, ya isa Inugu a 1916 saboda kwal, ya ci gaba ta Makurɗi da Lafiya har ya haɗu da Kaduna. A 1927 aka buɗe reshen da ya tashi daga Kafanchan ya hau tudun Jos, a 1932 kuma aka gama gadar Makurɗi a kan Binuwai. Da haka wani fili a ƙasar Fantswam, wanda Hausawa suke kira Kafanchan, ya zama mahaɗar layuka uku: na Kaduna, na Jos, da na Fatakwal. A 1933 fadar Sarkin Jama'a ta koma Kafanchan. Da aka ja layin daga Kuru har Maiduguri a 1964, sai ya kasance duk jirgin da ya nufi Bauchi ko Gombe ko Barno sai ya ratsa ta wannan mahaɗa.

Garin da jirgi ya haifa yana da siffa dabam da garin da zango ya haifa. An yanka shi layi-layi, da unguwar ma'aikatan reluwe, da loko inda ake gyaran kan jirgi, da gidan waya, da asibiti, da makarantun mishan da na gwamnati. Aiki ya jawo Ibo da Yarabawa da Nufawa da Tibi, ciniki ya jawo Hausawa, makaranta da albashi suka jawo Bajju da Atyap da Agworok da Ham da Kaninkon da sauran al'ummomin kewaye. Ƙananan tashoshi ma sun sami rabonsu. Zonkwa ta bunƙasa a jikin tasharta, Jagindi Tasha kuwa har sunanta ya nuna asalinta.

Kauru ta zama misali na ɗaya gefen labarin. Layin Zariya zuwa Jos ya wuce ta arewa da ita, layin Kaduna zuwa Kafanchan ya wuce ta kudu maso yamma, babu wanda ya taɓa ta. Tsohon gari mai sarauta da tarihi ya zauna a tsakanin layuka biyu yana kallon ciniki yana bin ƙarfe. Abin da Kafanchan ta ɗanɗana a ƙarshen ƙarni na 20, Kauru da takwarorinta sun riga ta ɗanɗana tun a farkonsa.

Kanti da abin da ke cikinsa

Kalmar kanti ta shigo Hausa ne daga bakin Turawan ciniki, waɗanda suka jera rumbunansu a garuruwan da jirgi ke tsayawa a Arewa. Manyan kamfanonin su ne UAC, wanda aka kafa a 1929, da John Holt, da GBO, da PZ, da kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA. Aikinsu hannu biyu ne. Da hannu ɗaya suna sayen gyaɗa da auduga da fata da kiraga, a kudancin Zazzau kuma har da citta, wadda ƙasar Jaba da Kachia suka yi suna da ita. Da ɗaya hannun suna sayar da kayan da jirgi ya hauro da su daga bakin teku. A ƙarƙashinsu akwai Kwarori, a ƙarƙashin Kwarori akwai 'yan kasuwar gida masu sarin kaya su kai ƙauye. A manyan birane an sami kantuna na zamani irin su Kingsway, wanda ya fara a Legas a 1948, da Leventis, wanda har yau ake kiran wani shataletale a Kaduna da sunansa.

Kantin garin tasha yana da fasali sananne. Gini ne mai rufin kwano da baranda a gaba, da ƙofar katako mai faɗi wadda ake karewa da sandar ƙarfe da dare. Da shiga, abin da ke fara tarbar mutum ƙamshi ne na sabulu da kananzir da sabon yadi. Doguwar kanta ta katako ta raba mai saye da mai sayarwa, an kafa ma'aunin yadi a bakinta, ga almakashi ɗaure da igiya, ga sikeli da duwatsunsa. A bayan mai kanti bandir-bandir na alawayyo da akoko da turamen atamfa suna jere har sama. A ƙasa akwai kwanonin sha da langa da fitilar ƙwai da ashana da sukari mai ƙwaya da buhunan gishiri. A can ƙurya ake ajiye kayan da mutum ke yi wa tanadin shekara guda: keken hawa samfurin Raleigh, keken ɗinki samfurin Singer, akwatin rediyo, da bandir na kwanon rufi. A baranda tela yake zaune da kekensa, kusa da shi mai gyaran agogo, don haka wanda ya yanki yadi ba ya taku goma kafin a auna shi.

Abu mafi daraja a kantin shi ne littafin bashi. Ma'aikacin reluwe ko malamin makaranta yakan ɗauki kaya a tsakiyar wata, a rubuta sunansa, ya biya ranar albashi. Manomi yakan ɗauka da damina ya biya da kaka. Mai kanti ya san gidan kowa, ya san wanda matarsa ta haihu da wanda ya yi rashi, kuma sau da yawa mai bin bashin da wanda ake bi ba addininsu ɗaya ba, ba yarensu ɗaya ba. Jiniyar jirgi ita ce agogon wannan duniya. Da an ji ta, masu tuwo da masu ƙosai da 'yan tallan ayaba da rake da 'yan dako sai su yi tasha, jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo da wasiƙu su sauka, masu shayi su kai tsakar dare suna jiran jirgin da ya makara.

Abubuwan da suka janye ƙafa daga cibiya

Ruwa ba ya tsami banza. Dalilai huɗu ne suka haɗu suka raunana wannan cibiya.

Na farko shi ne durƙushewar jirgin ƙasa. A 1964 Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, wadda aka kafa a 1955, ta ɗauki fasinjoji sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Rikicin 1966 ya sa ma'aikata da 'yan kasuwa Ibo da yawa suka bar Arewa, Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970 ya datse layin gabas, wanda shi ne jijiyar Kafanchan. Bayan yaƙi kuɗin man fetur ya tafi ga gina tituna, tirela da bas suka ƙwace kaya da fasinja. Kuzar Jos ta ja baya, kwal na Inugu ya ja baya. Daga ƙarshen shekarun 1980 aka shiga rage ma'aikata da jinkirin albashi da fansho. Garin da albashin reluwe ke juya kasuwarsa duk ƙarshen wata ya rasa babban mai sayayyarsa, littafin bashi ya cika da sunayen da ba su da ranar biya.

Na biyu shi ne sauyin manufofin tattalin arziki. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun fitar da baƙi daga cinikin ɗai-ɗai, manyan kamfanoni suka karkata ga masana'antu da sari. Shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986 ya karya darajar naira, kayan waje suka yi tsada, aka kuma rushe hukumomin sayen amfanin gona a shekarar. Masaƙun Kaduna, waɗanda suke cika kantuna da atamfa kuma suke ɗauke da dubban 'ya'yan kudancin jihar aiki, suka rufe ɗaya bayan ɗaya: KTL, wadda ta fara aiki a 1957, ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Kuɗin da ma'aikatan masaƙun ke aikowa gida ya yanke, yadin da ake sayarwa ya koma na shigowa daga waje.

Na uku shi ne mota da babur. Jirgi yana da ƙofa ɗaya a gari, ita ce tasha, dole kowa ya bi ta nan. Mota kuwa tana tsayawa ko'ina. Shaguna suka bi hanyar Kagoro da ta Zonkwa da ta Kwoi da ta Gidan Waya, kowace mahaɗa da gidan mai suka zama ƙaramar kasuwa. Komawar babban birnin ƙasa Abuja a Disamba 1991 ta ƙara jan masu hali da masu neman aiki zuwa can. Ɗan kasuwar ƙauye da a da yake sari a Kafanchan ya gano cewa zai iya zuwa Jos ko Kaduna ko Kantin Kwari a Kano da kansa.

Na huɗu, wanda ya fi kowanne ciwo, shi ne rikici. A Maris 1987 tarzoma ta tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ta bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa. A Fabrairu 1992 saɓani a kan mayar da kasuwar Zangon Kataf sabon wuri ya zama zubar da jini, ya sake ɓarkewa da muni a watan Mayu. Wannan ya nuna cewa wurin da kasuwa take zaune magana ce ta iko da mutunci, ba ta ciniki kaɗai ba. A Afrilu 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, an yi asarar rayuka masu yawa a Zonkwa da Kafanchan da kewaye, babbar kasuwar Kafanchan ta ƙone. Bayan kowace tarzoma sai mutane su sake zama unguwa-unguwa bisa addini, ciniki ya bi su, har a wayi gari kowane ɓangare yana da inda yake sayen nama da kayan miya. Dokar hana fita ta kashe cinikin dare. A shekarun baya-bayan nan hare-haren 'yan bindiga da satar mutane a ƙauyukan Kauru da Kajuru da Zangon Kataf sun sa manomi yana tunani sau biyu kafin ya ɗora buhu a babur ya nufi kasuwa. Wuta tana cin rumfa a dare ɗaya, a sake gina ta a wata shida, amma amanar da ta ƙone tare da ita takan ɗauki shekaru kafin ta tofo.

Inda cinikin ya koma

Ciniki bai mutu ba, wuri ya sauya. Jama'a sun ƙaru ninkin-ba-ninkin, kuma kayan da ake saye da sayarwa a yankin a yau sun fi na zamanin kantuna yawa nesa ba kusa ba. Suna cikin jerin shaguna na bulo a bakin titi, da kwantena, da teburin mai POS, da shagon cajin waya. Tun zuwan wayar salula a 2001, dillalin citta ko masara yana jin farashin Kano da Legas yana zaune a gindin bishiya, matan aure kuma suna tallan atamfa da takalma ta WhatsApp, ɗan acaɓa ya kai har ƙofar gida. Kasuwannin mako, waɗanda suka girmi jirgi, sun nuna sun fi shi tsawon rai: a ƙasar Kauru da Lere, motoci suna cika da masara da dawa da waken soya duk ranar kasuwa.

Sai dai wannan sabon tsari yana da rauni. Shagon bakin titi ƙaramin jari ne, ba ya iya ba da bashin wata shida. Ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu na shekarar, da cutar da ta cinye gonakin citta a daminar 2023, sun faɗa wa 'yan kasuwar yankin a jere, kuma da yawa ba su da wani abin jingina.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe

Wannan ciwo ba na kudancin Kaduna kaɗai ba ne. A Birtaniya, kantunan Woolworths sama da 800 sun rufe zuwa Janairu 2009, BHS ya bi su a 2016, Debenhams a 2021. Can dalilin shi ne manyan kantunan bayan gari masu filin ajiye mota, da sayayya ta intanet, da tsadar haya da haraji. A Amurka ma garuruwa da yawa da jirgin ƙasa ya raya sun bushe bayan manyan tituna sun kauce musu. Darasin ɗaya ne: kanti yana bin ƙafa, ƙafa tana bin hanya da buƙata. Bambancin shi ne cewa a can mai sayayya ya bar tsakiyar gari don ya sami sauƙi, a nan kuwa sau da yawa ya bar ta ne don jirgi ya daina zuwa, aljihu ya bushe, ko kuma tsoro ya hana shi tsallaka wata unguwa.

Auna kewa da sikelin gaskiya

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Kewar tsofaffin kantuna tana buƙatar a auna ta. Kamfanonin Turawa su suke yanka farashin amfanin gona, su kuma suke yanka na kayan kanti, manomi yana tsakiya. Talaka da yawa bai taɓa wuce barandar kanti ba sai da kallo. Mata da matasa da suke da shago a yau ba su da wannan dama a da. Wanda ya ce komai na da ya fi na yanzu bai yi wa tarihi adalci ba.

Amma akwai abin da aka rasa da gaske, kuma ya cancanci a yi baƙin cikinsa. An rasa wuri guda da Bafulatana mai nono da matar Bajju mai doya da Bahaushe mahauci da Ibo mai kayan keke suke haɗuwa dole kowace safiya, su yi ciniki, su yi gardama, su tambayi lafiyar iyali. Mutumin da ake bi bashi ko yake bin bashi ba ya saurin yarda da jita-jita a kan abokin cinikinsa. Yaran da suka tashi bayan 2011 a unguwannin da suka rabu ba su sami wannan makaranta ba, kuma rashin ta hatsari ne ga zaman lafiyar gobe.

Abin da ke raya cibiya

Fenti da sabon gini ba sa dawo da tsakiyar gari idan babu dalilin zuwa. Sharaɗi na farko tsaro ne a hanyoyin ƙauye da cikin gari, domin sai manomi ya iso lafiya kasuwa take ci. Na biyu shi ne sufuri. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 bai bi ta Kafanchan ba, aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri da aka ƙaddamar a 2021 kuwa shi ne wanda zai iya mayar da mahaɗar bakin aikinta, musamman wajen ɗaukar kaya masu nauyi irin su hatsi da citta da taki da siminti. Garuruwa irin Kauru kuma buƙatarsu titi ne mai kyau da zai haɗa su da manyan hanyoyi rani da damina.

Na uku shi ne adalci a rabon rumfuna. Duk kasuwar da za a gina ko a gyara, ya kamata kwamitinta ya ƙunshi kowane ɓangare, a fifita waɗanda suka yi asara, a sa kuɗin haya daidai ƙarfin mai ƙaramin jari. Yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan da al'ummomin yankin suka sa wa hannu a 2016 za ta fi ƙarfi idan aka gan ta a layin 'yan nama da na 'yan hatsi. Na huɗu shi ne tsara gari. Ƙananan hukumomi suna da ikon riƙe tashar mota da banki da ofisoshi da ɗakin karatu kusa da juna, da samar da fitilu da magudanan ruwa, domin ɗalibai na reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ma'aikata da manoma su sami dalilin ratsawa ta wuri guda. Na biyar shi ne adana tarihi: ginin tasha da loko da gidajen reluwe da tsofaffin kantuna masu baranda dukiya ce, ana iya mayar da wasu wuraren koyon sana'a ko sarrafa citta maimakon a bar su ga gara da ciyawa.

Zango ya yi zamaninsa, tasha ta yi nata, bakin titi yana cikin nasa. Abin da ya rayar da kowannensu shi ne hanyar da ke kawo mutane da amanar da ke sa su zauna su yi ciniki da wanda ba nasu ba. Hanya aikin gwamnati ce da injiniyoyi. Amana kuwa aikin sarakuna ne da malaman addinai da shugabannin kasuwa da duk mai shagon da ya yarda ya sake buɗe littafin bashi ga maƙwabcin da ke tsallaken unguwa.